Kibiyar da Aka Zare daga Ƙirjin Mantau

"Madawaki Tunau ne ya kashe mini ɗa. Ga shi nan zaune a damanka, da sulkensa da rawaninsa. Shi ne, ba Gwabarawa ba."

Haka Hakama ta faɗa tun daga bakin soron fada, ba sallama, ba faɗuwa gaisuwa, da wata taguwa a ƙudundune a hammatarta. Har bafaden da ke yi wa Sarki fifita ya tsaya da mafici a sama.

Ranar kuwa ba ranar jin ƙara ba ce. Tun asuba ake kaɗa tambura a Birnin Kwandara, runduna na jibge a bayan ganuwa tana jiran azahar. Kwana uku ke nan da makiyaya suka tsinci gawar Mantau, manzon Sarki Dambo, a mashigin Rafin Gawo, da kibiya a ƙirji. An aike shi Dutsen Gwabare da saƙon sulhu, yana kan hanyar dawowa aka harbe shi. Kibiyar kowa ya gan ta, ga ta nan ma a kan buzu gaban Sarki: mai kunne uku, irin ƙirar Gwabarawa.

Al'adar Kwandara ita ce ba a buga tambarin yaƙi sai majalisa ta yarda, in ban da abu guda, wato a zubar da jinin manzo. Shekara biyu Madawaki na roƙon a bar shi ya hau Gwabare saboda ramukan tama da ke gindin dutsen. Shekara biyu Galadima Nagoma da dattawa na hanawa. Sarki kuwa yana ji, bai ce i ba, bai ce a'a ba. To yanzu ga jinin manzo, bakin Galadima ya mutu. Tutar yaƙi na naɗe kusa da kibiyar. Da an sallame azahar za a danƙa wa Madawaki, kuma wanda ya fita ƙofar gari da ita, babu alƙalin da zai kira shi har yaƙi ya ƙare. In ya dawo da nasara kuwa, wa zai ma tuna da zancen? Hakama ta san wannan sarai. Shi ya sa ba ta tsaya gaisuwa ba.

Dogarai biyu suka zabura kanta. Ta ɗaga hannuwanta, baƙaƙe ƙirin har gwiwar hannu.

"Ku zo mana, 'ya'yan nan. Ban kankare ƙarƙashin farcena ba tun da na sauke tukunya. Wa zai fara?"

Suka ja da baya. Ƙarya take yi, rabonta da tukunya tun kaka. Amma duk Kwandara babu wanda bai san ita ke dafa dafin kibiyoyin fada ba. Ubanta ne Sarkin Dafi na da, bai bar ɗa namiji ba, ya mutu ya bar mata tukwane da sani. Shekara arba'in tana wannan aiki a bayan gari, hayaƙi ya cinye mata ido ɗaya, ko a gidan suna ba mai karɓar ruwa daga hannunta. Mutum ɗaya ne ke cin tuwonta ba ya sansanawa, shi ne aka rufe shekaranjiya.

Sarki ya ɗaga yatsa. "Ku bar ta. Iya, mun san abin da ke cin ranki. Mantau ɗanki ne, amma manzonmu ne. Tamburan da kike ji, fansarsa za a ɗauko miki."

"Ranka ya daɗe, fansarsa ba ta Gwabare. Za ka tura mutum dubu uku su hau dutse neman abin da ke zaune kan buzu kusa da kai."

Madawaki ya yi murmushi, ya gyara zama, ya juya ga Sarki kamar babu kowa a bakin ƙofa.

"Allah ya ba ka nasara, Zaki. Yaƙi goma sha ɗaya na yi ƙarƙashin tutar gidan nan, bakwai a zamanin mahaifinka, huɗu a naka. Sara tara ne a jikina, babu ko ɗaya a gadon baya. Tun da aka haife ni ban taɓa riƙe baka ba. Ni mutumin doki ne da takobi, kibiya aikin 'yan ƙasa ce. Yau ga rana na tafiya, dawaki na tsaye da sirdi tun asuba, an tsayar da mu muna sauraron tsohuwar da hayaƙi ya juya wa kai. A ba ta goro, a raka ta gida."

"Wuri ɗaya ka faɗi gaskiya," in ji Hakama. "Ba ka taɓa riƙe baka ba. Shi ya sa ka yi wannan wautar."

Wani daga cikin fadawa ya yi tari don ya ɓoye dariya. Galadima Nagoma, wanda tun safe kansa ke sunkuye, ya ɗago.

"Allah ya ja zamaninka. Na ba da kai ga wannan yaƙi ne saboda jinin manzo, ba don komai ba. In akwai shakka kan hannun da ya zubar da jinin, to akwai shakka kan yaƙin. Ga Alƙali nan zaune. A tambaye shi."

Alƙali Malam Zubairu mutum ne siriri mai magana a hankali, ba ya kallon fuskar wanda yake yi wa hukunci. Ya dubi inuwar da ke bakin soro, ya ce, "Tuta ba ta fita ba tukuna. Ƙara ta riga ta. Iya, kina da mutum biyu da suka gani da idonsu?"

"Ina da kibiya."

"Kibiya ba ta rantsuwa, Iya."

"Ba ta kuma tsoron Madawaki, Allah gafarta Malam. Nemo mini mutum biyu a garin nan da za a ce haka a kansu."

Alƙali bai ji haushi ba. Ya ce, "To ki ji yadda shari'a take. Makami shi kaɗai ba ya sa a sare wuyan mutum. Amma in ya nuna ƙofar wani da alama bayyananniya, ya isa a tsare shi a tuhume shi, ya kuma buɗe wa dangin mamaci hanyar rantsuwa hamsin. Sharaɗi ɗaya ne: a gwada alamar a gaban jama'a, yadda shi kansa wanda ake tuhuma zai gani. Me kika gani a kibiyar?"

Hakama ta tako har tsakiyar soro ta durƙusa, ba don girmamawa ba, don gwiwoyinta sun gaji.

"Na ɗaya, ƙudaje. Ranar da aka kawo shi, duk ƙudan da ya sauka a bakin raunin sai ya faɗi matacce. Bokayen fada suka ce alama ce, wai tsafin Gwabarawa ne ya koma kansu, wai haka rundunarsu za ta zube. Tsafin uwar wa? Sabon dafi ne, wanda bai ga damina ba. Dafin bana."

"Gwabarawa ba sa dafa dafi bana ke nan?" in ji Madawaki. "Sun huta?"

"Na biyu, a ƙirji aka same shi, fuskarsa na duban gida. Wanda ya biyo shi daga Gwabare a baya zai harbe shi."

"Wanda ya iya kwanton ɓauna gaba yake zuwa ya jira," in ji Madawaki. "Ki tambayi mazan da suka taɓa fita yaƙi. Zaki, ka ji dai abin da aka tsayar da runduna a kansa. Ƙuda da ƙirji."

Fadawa suka fara gunaguni. Alƙali ya girgiza kai. "Waɗannan biyu ba su isa ba, Iya. Ya ba ki amsa, kuma amsar ta zauna."

"Na sani. Na fara da su ne don ya saki jiki."

Ta warware taguwar da ke hammatarta ta shimfiɗa a ƙasa. Taguwar Mantau ce, an wanke ta, ga hudar kibiya a wajen ƙirji. Kewaye da hudar akwai wani ja mai haske, kamar an ɗiga rini.

"Ni na wanke ta da hannuna. Jini in ya sha ruwa ya bushe, ƙasa-ƙasa yake komawa, kowace mace ta san wannan. Wannan jan kuwa bai koma ba. Majigi ne, jan rinin nan na itace. Na zauna gaban ƙwaryar wankin nan tun hantsi har la'asar ina kallonta, don na san hannun da ya zuba shi. Nawa ne."

Ta juya ga dattawan da ke jingine da bango.

"Ku da kuka ga zamanin kakan Sarki, ku tuna musu. A da, in an gama yaƙi, dokin wanda ya faɗi da takobinsa na rundunar da kibiyarta ta kayar da shi ne. Kullum rigima, wannan ya ce tamu ce, wancan ya ce tamu ce. Sai aka ce wa ubana ya raba tukwane uku. Ta 'yan bakan Galadima a zuba rawaya. Ta Kaura a zuba shuni. Ta Madawaki a zuba majigi. A kan ƙarfe duk baƙi ne, ba mai bambancewa. Amma a tsoma a ruwan ɗumi, kowace ta faɗi gidansu. Da mahaifin Sarki ya hau, ya soke wannan rabo, ya ce ganima duk ta fada ce, shi zai raba. An soke rabo, an manta da ruwan ɗumi. Amma ba wanda ya tako bayan gari ya ce mini in daina zubawa. Wa zai zo? Kuna tsoron hayaƙi. Ni kuwa abin da ubana ya koya mini shi nake yi. Bana ma tukwane uku na sauke, na aika kowace gidan mai ita."

Wani tsohon bafade mara haƙora ya ce, "Wallahi an yi haka. Na ga ana tsomawa."

Murmushin Madawaki yana nan, amma ya daina gyara zama.

Alƙali ya ce, "Magana ce mai kyau, amma magana ce. Sai an gwada." Ya kira Sarkin Dogarai. "Je ka sansani. Kada ka gaya wa kowa dalili. Ka zaro kibiya uku daga kwarin 'yan bakan Galadima, uku na Kaura, uku na Madawaki, kowace daga mutum dabam. Ka kawo mini su rarrabe. A kuma kawo ƙore sababbi da ruwan ɗumi."

Madawaki ya ce, "Zaki, rana."

Sarki bai dube shi ba. Ya ce, "A yi sauri."

Aka zauna jira. Inuwar bakin soro na ta janyewa. Daga bayan ganuwa ana jin tambura da haniniyar dawaki. Hakama ba ta ɗaga ido daga taguwar ba. Tana tuna ranar da aka naɗa Mantau manzo, ya zo bayan gari da sabuwar riga ya tsaya cikin hayaƙi, ta kore shi kada rigar ta yi wari, ya ƙi tafiya sai da ya ci ɗumame. Ba kuka ya kawo ta ba.

Da Sarkin Dogarai ya dawo, Alƙali ya juya baya, ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunan mai kowace kibiya a jikin kyauronta, ya cakuɗa su. Ya ce, "A rufe rubutun da tsumma."

"Bar wahalar da kanka, Malam," in ji Hakama. "Rubuta da girman tafin hannu in ka so. Ni ko alif ban sani ba."

Duk da haka aka rufe. Ta ɗauki ta farko ta tsoma, tana juyawa a hankali. Baƙin ya narke ya kwanta a ƙasa, ruwan sama ya ɗauki launi.

"Kaura."

Alƙali ya buɗe tsumma ya duba. "Kaura."

Aka zubar, aka kawo wata ƙwarya. "Galadima." "Galadima." Ta uku ruwa ya yi ja. Ba ta ma faɗi suna ba, ta dai nuna Madawaki da haɓa. Alƙali ya karanta, "Madawaki." Haka aka bi su har tara, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Kafin a kai ta shida fadawa sun manta da zaman fada, sun miƙe suna leƙe ta kafaɗar juna, suna riga ta faɗa.

Sai Alƙali da kansa ya ɗauko kibiyar da ke kan buzun Sarki. Ya nuna wa wanzamin da ya zare ta daga ƙirjin Mantau, ya ce, "Ita ce?" Wanzami ya ce ita ce, ga ma inda askarsa ta karce kyauron. Alƙali ya kankare busasshen jinin da ke tsinin, ya bar dafin da ke maƙale a bayan kunnuwa. Bai ba Hakama ba. Shi ya tsoma.

Ruwa ya yi shiru, sa'an nan wani jan zare ya taso daga gindin ƙarfen, ya bazu, ya cika ƙwarya.

Hakama ta dubi ruwan, ta dubi hannuwanta. Ta tuna ranar da ta daka majigin nan, da kaka, tana waƙa. Ta ce a hankali, ba da kowa take ba, "Ya yi kyau kuwa, dafin bana. Ban taɓa sauke irinsa ba."

Madawaki ya miƙe tsaye.

"Allah ya ba ka nasara. Majigi itace ne, ba a gidana kaɗai yake fitowa ba. Wa ya leƙa tukunyar Gwabarawa ya ga abin da suke zubawa? In su ma majigi suke sawa fa? Za a ɗaure Madawakin Kwandara saboda ruwa ya yi ja?"

Alƙali ya ce, "Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma haƙƙinsa ne a amsa ta. Sai an kawo kibiyar da babu shakka ta Gwabare ce, a tsoma. Sarkin Maƙera, ina za a samu?"

Sarkin Maƙera tsoho ne mai faɗin kafaɗa, tun ɗazu yake ta kallon ƙarfen nan yana motsa baki. Ya karɓa, ya juya shi a haske, ya shafa kunnuwan da babban yatsa.

"Allah ya ja zamanin Sarki, da an tambaye ni tun shekaranjiya da na faɗa, amma ba a tambaye ni ba. Ƙirar Gwabare ce, ba shakka. Sai dai tsohuwar ƙira ce. Mai kunne uku hannun babban maƙerinsu ne, wanda ya faɗi a Fadamar Kuka shekara tara da suka wuce. Ina wurin. Ranar da suka yi mana ruwan kibiya tun hantsi har rana ta karkata, dawaki na zubewa cikin laka, sai da Kaura ya zaga ta cikin kyauro ya faɗa musu ta baya. Muka tsince kwarinsu kaf. Tun daga ranar 'ya'yansa kunne biyu suke yi, ba su iya na uku ba. Wannan kuma an goge mata tsatsa da dutse, ga sawun nan. Sabon kyauro, sabuwar agara, tsohon ƙarfe. Irinta yau wuri ɗaya na san suke. Ɗakin ganima."

Ɗakin ganima yana can cikin gida, bayan barga. Ƙofa ɗaya gare shi, mabuɗi ɗaya. Idanu duk suka koma kan Sarki.

Sarki Dambo ya ce, "Lokaci ya ƙure. Ladan na gab da kira. A tsare wannan magana har runduna ta dawo, mun yi alkawari za a duba ta."

"Har ta dawo?" in ji Hakama. "Ta dawo da wa? Da tuta a hannunsa?"

Galadima ya tashi, ya zo gaban Sarki, ya durƙusa yadda ya kamata, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Zaki, na bauta wa mahaifinka, na riƙe linzamin dokinka ranar da aka naɗa ka. Ban taɓa ce maka a'a a gaban jama'a ba. Sulusin mutanen da ke bayan ganuwa nawa ne, na san iyayensu mata da sunansu. Ba zan kai su gindin dutse su mutu a kan kibiyar da ban san daga inda ta fito ba. Tsakanin nan da ɗakin ganima taku ɗari ne. In an buɗe aka ga tsohuwar nan ta yi ƙarya, ni zan fara hawa doki. In ba a buɗe ba, a nemi wani Galadiman."

Kaura ya ce, "Abin da Galadima ya faɗa."

Sarki ya dube su. Sa'an nan ya sa hannu cikin alkyabba, ya ciro tsirkiyar fata daga wuyansa, da mabuɗi a jiki. Ya jefa gaban Alƙali. Hakama ta bi mabuɗin da idonta ɗaya tun daga wuyan har ƙasa.

Alƙali da Galadima da Sarkin Maƙera suka shiga, suka fito da bayi ɗauke da dami goma. Sarkin Maƙera ya ce shi ya ɗaure su da hannunsa bayan Fadamar Kuka, hamsin-hamsin. Tara daga ciki fatar ɗaurinsu ta bushe ta ƙage, sai da wuƙa. Na goma kuwa da sabuwar fata aka ɗaure shi, har yanzu tana warin jima. Aka kwance, aka ƙirga a gaban kowa. Arba'in da tara.

Alƙali ya zaro ɗaya daga ciki ya ajiye kusa da wadda ta kashe Mantau. Kamar tagwaye. Ya tsoma ta a sabuwar ƙwarya. Ruwa ya yi fari-fari kamar an ɗiga nono.

"Farin ruwan itacen tinya suke sawa," in ji Hakama. "Ubana ya gaya mini. Ba su san majigi ba."

Alƙali ya goge hannu, ya ce, "Alama ta tabbata. Ƙarfen daga wannan dami ya fito, dafin daga tukunyar gidan Madawaki. Gwabarawa ba su da hannu a jinin manzo. Madawaki Tunau abin tsarewa ne har a tuhume shi."

Kafin ya rufe baki Sarki ya miƙe, abin da ba a taɓa gani ba a tsakiyar zaman fada.

"A kashe tambura! A mayar da tuta ciki! Tunau, ka ci amanarmu, ka zubar da jinin manzonmu, ka nemi jefa ƙasarmu a wuta. A tuɓe masa sulke. A kira Hauni mai sare wuya. A fitar da shi bayan ganuwa yanzu, kafin a yi salla, a sare kansa runduna na gani."

Dogarai shida suka rufe shi. Mutumin da ɗazu ake jira ya ja dubu uku, ga shi an danne shi a ƙasa ana fizge masa rawani. Ya ɗago kai, idanunsa a kan Sarki, ya ce, "Zaki, ni? Kai da bakinka ka..."

"A toshe bakinsa!"

Aka cusa masa gefen rawaninsa a baki, aka ja shi zuwa ƙofa. Fadawa suka ɗauka, "Allah ya ƙara wa Sarki adalci! Gaishe ka, Zaki!" Wani ya dafa kafaɗar Hakama ya ce, "Iya, kin samu. Yi godiya."

Hakama ta ture hannun. Ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryar jan ruwan nan da hannu biyu, ta riga dogarai zuwa bakin soro, ta tsaya a tsakiyar ƙofa.

"Duk wanda ya ƙara taku ɗaya, a idonsa zan watsa. Kun dai ji na ce dafin bana ya yi kyau."

Suka tsaya cak, Madawaki na rataye a hannunsu.

Sarki ya ce, "Iya, me kike nema kuma? Kin ce shi ne, an ba ki kansa."

"Kansa na ce ina so? Me zan yi da kai? In dafa? Bakinsa nake so, shi kuwa ka toshe. Malam ya ce a tsare shi a tuhume shi, bai ce a sare ba. Ɗazu da na roƙi a duba kibiya, lokaci ya ƙure. Yanzu da za a kashe mutum kafin ya ƙarasa magana, lokaci ya samu."

A waje tambura suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ladan ya ɗaga murya daga masallacin fada. Ba wanda ya motsa zuwa alwala.

"Ku saurara, don ni ban iya zagaye-zagaye ba. Abu uku suka haɗu suka kashe Mantau. Dafi nawa ne, na amsa, zan kuma amsa a gaban Allah. Tukunya ta Tunau ce, zai amsa, shi da wanda ya ja masa bakan. Saura ƙarfe. Ƙarfe ba ya fita ta bango. Ɗakin nan ƙofarsa ɗaya, ba a fasa ta ba, Malam ya gani. Mabuɗinsa ɗaya, kuma duk wanda ke cikin soron nan ya ga wuyan da aka ciro shi."

Ta juya ga Alƙali. "Allah gafarta Malam, ka ce ƙara ta riga tuta. To ga wata na kawo. Ita ma ta shiga, ko a nan shari'arka ta tsaya?"

Idon Malam Zubairu na ƙasa, kamar kullum. Sa'an nan, a karo na farko tun da aka san shi, ya ɗago ya dubi fuskar wanda ake ƙara.

"Ta shiga," in ji shi. "A cire masa rawanin daga baki."

Dogarai suka dubi Sarki, suka dubi Galadima. Galadima ya tako da kansa ya tsaya kusa da tsohuwar a bakin ƙofa. Kaura ya bi shi.

Hakama ba ta ajiye ƙwaryar ba.

"Dambo ɗan Gajere, kai ka kira ɗana da sunansa, kai ka sa masa saƙo a baki, kai kaɗai ka san ranar da zai dawo da hanyar da zai biyo. Ban zo da fadanci ba, ba ni da shi. Wa ka ba mabuɗin nan? Ga Alƙali, ga majalisa, ga taguwarsa a ƙasa. Ka amsa."